Cukun da Daso Ta Yi

Wata uku Bawa ya yi a aikin tilas na hanyar kumandan, Baturen mulkin yankin, yana ɗaukar marmara a ka tsakanin Magariya da Damagaram. Ranar da aka sako shi ba da ƙafarsa ya shigo gida ba, a kan jakin ƙanensa Dogo aka kawo shi. Matarsa Daso tana daka a tsakar gida ta ga an sauke wani tsoho a bakin zaure, har ta ajiye taɓarya za ta ɗebo wa baƙo ruwa. Sai da tsohon ya yi tari sannan ta gane mijinta ne.

Shekarun nan ne da Nasara suke yaƙinsu can ƙasarsu, talaka kuma yana jin zafinsa a nan. An rufe iyaka da ƙasar Ingilishi. 'Yarsu guda, Saratu, tana aure a can hayin, tafiyar rabin yini daga ƙauyensu na kusa da Dungas, amma ko saƙo ba ya ƙetarawa. Ba su da ɗa namiji, shi ya sa da aka ce kowane gida ya ba da mutum guda, Bawa da furfurarsa ya tafi.

Ya dawo, amma cin abinci bai dawo tare da shi ba. Daso ta tuƙa tuwo ya kau da kai. Ta dama kunu mai tsamiya ya kau da kai. Ta yi fura, ta tace ta har ta zama kamar ruwa, ya kurɓa sau ɗaya ya ture ƙwaryar. An sha rubutu, an sha jiƙo, an yi turare, duk a banza. Abu guda ke wuce maƙogwaronsa: ludayi biyu na madarar akuya da safe. Akuyar kuwa ita kaɗai ta rage musu, ja ce mai farin goshi, da ɗanta na kwana goma sha biyu. Kullum Daso tana kallon ƙasusuwan wuyan mijinta suna ƙara fitowa, kuma ta san inda abin ya nufa in bai ci ba.

Ran nan da hantsi tana yi masa fifita a rumfa, sai ya buɗe ido ya ce, "Daso, da akwai cuku da na ci."

Ta tsaya da fifitar. Tunda ya dawo bai taɓa ambaton sunan wani abinci ba.

To, Bawa da cuku tsohon zance ne, duk ƙauyen an sani. Shekara ashirin ke nan, da zarar an kwashe amfanin gona sai wani Buzu mai suna Inuwa ya sauko daga arewa da dabbobinsa ya yada zango a gonar Bawa. Dabbobi su cinye kara su bar taki, Bawa ya ba shi gero, matar Inuwa kuma, Mariyama, ta riƙa aiko da cuku a faifai. Bawa, mutumin da bai iya bambance sabuwar riga da tsohuwa ba, in aka zo maganar cuku sai ya koma alƙali. Na saniya, a cewarsa, sai ya bushe an ɗora shi a garwashi ya kumbura maiƙo ya taso. Na tunkiya na dakawa ne a fura, da dabino in an samu, shi ne guzurin mai tafiya. Amma sarkinsu duka na akuya ne ɗanye, wanda aka ɗauke daga asabari tun bai gama bushewa ba, a ci shi haka nan ba mahaɗi. Daso ita ba ta taɓa ganin abin yabo a ciki ba. Ta kan ce ƙamshin bunsuru yake yi, shi kuma ya ce ai shi ya sa ba a ba wa mata.

Bana Inuwa bai zo ba. Dogarai masu jar hula na kumandan suna bin mashaya suna kama raƙuma da bijimai wai don yaƙi, makiyaya kuwa ba wawaye ba ne, sun nausa inda ba wanda ya sani. Gonar Bawa tana nan da karanta a tsaye.

Ranar kasuwar Dungas Daso ta bar mijinta a hannun matar Dogo ta tafi neman cuku. Ta bi rumfa rumfa, babu. Bayan kwana biyu ta bi ayarin masu jakuna har Magariya, ƙafarta ta tsattsage kafin su isa. Nan ma babu. Wani mai sayar da dabino ya ce mata ɗan abin da ya shigo watan jiya an kwashe shi an kai bariki, don shi ma kumandan cukunsu na can gida ya daina isowa, da namu yake maneji.

"Amma in ta ƙure miki," in ji shi, "ki nemi Dada a Dungas, bayan marina. Cikin Buzaye ta girma. In akwai mai sanin yadda ake yinsa a ƙasar nan, ita ce."

Dada tsohuwa ce tukuf, ba haƙori ko ɗaya a bakinta, amma harshen yana nan da kaifinsa. Tana ƙarama aka kama ta aka kai ta arewa, ta yi shekara talatin tana tatsar awakin wasu kafin ta samu hanyar dawowa. Daso ta same ta tana kaɗi a gindin bango. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Shekara ashirin Buzuwa tana yinsa a gonarku, ba ki taɓa leƙawa kin ga yadda take yi ba?"

"Ban taɓa ba, Inna. Ban ɗauka zan buƙata ba."

"Haka kuke, matan manoma. Sai dai a kawo muku a faifai." Ta ajiye mazarin. "Kina da akuya mai shayarwa?"

"Guda ɗaya."

"Ɗanta ya fara tsinkar ciyawa?"

"Bai fara ba."

"To shi ne maganin. A yanka shi bayan ya sha ya ƙoshi. A cikinsa akwai wani ɗan tumbi na ƙarshe, za ki gan shi cike da madara ta daskare. Kada ki wanke. Ki sa gishiri, ki ɗaure bakin, ki rataye a inuwa kwana uku. Sannan ki yanki kamar ƙwayar gyaɗa ki jiƙa a ruwa kaɗan, ki zuba ruwan a madara. In ta kama, ki juye kan asabari ki baje da hannu, ruwan ya tsiyaye. Shi ke nan cuku. Ba wani asiri."

Daso ta ce, "Ba wata hanya, Inna, in ba yankan ba?"

"Buzaye suna da ɗari, su yanka ɗaya. Ke kina da ɗaya. Wannan kuma ba ni zan yanke miki ba."

Ta dawo gida da la'asar ta tarar Bawa ko ruwa bai karɓa ba a hannun matar Dogo. Ta zauna a bakin rumfa tana kallon ɗan akuyan yana tsalle yana tunkuyar turmi. Gajiya ta yi mata yawa har tunanin ma da ƙyar yake tafiya. Da safe ta aika aka kira Dogo.

Dogo ya saurara har ta gama, yana sosa gemu.

"Daso, kin san akuyoyinmu. Ba ɗa, ba nono, balle a wannan rani da ba harawa. In kika yanka shi kin yanka madarar da yake sha."

"Na sani."

"To don me?"

"Ludayi biyu ba za su tashe shi ba, Dogo, riƙe shi kawai suke yi. Kai ma kana gani. Abu ɗaya ya roƙa da bakinsa. In cikinsa ya buɗe da shi, ko tuwo zai karɓa."

"In bai buɗe ba fa?"

Ta juya ta dubi rumfar da Bawa yake kwance. Sai Dogo ya ce ta miƙo wuƙa. Suka bar ɗan ya sha har cikinsa ya yi tim, Dogo ya kai shi bayan danga. Ɗan tumbin yana nan kamar yadda Dada ta faɗa, bai fi tafin hannun jariri ba. Daso ta sa masa gishirin da take ta tattali tun kaka, ta ɗaure da zare ta rataye a cikin ɗaki. Naman ta yi romo da shi, Bawa ya ji ƙamshin ya juya fuska bango. Maƙwabta ne suka sha.

Akuyar kuwa ta fara kuka. Wanda bai taɓa zama gida ɗaya da akuyar da aka raba da ɗanta ba bai san ciwon kai ba. Ta ja igiya, ta zagaya turke, ta leƙa bayan turmi, ta sake zagayawa. Bawa ya tambaya me ya same ta, Daso ta ce zafi ne.

Ranar farko hantsar ta cika taf, tunda ba mai sha. Daso ta tatsi kusan rabin ƙwarya, abin da ba ta taɓa samu ba. A nan ne ta yi abin da kowace matar manomi za ta yi. Ta ce a ranta kwana uku ne kafin maganin ya yi, kuma madarar nan kullum raguwa za ta yi, to a tara. Ta ba Bawa ludayi ɗaya maimakon biyu, sauran ta juye a ƙwaryar nononta, wadda uwarta ta ba ta tun ranar aure, ta rufe da faifai ta kai lungu mai sanyi. Rana ta biyu ta ƙara a kai. Rana ta uku ta ƙara, ko da yake abin da ya fito bai kai rabin na farko ba. Ta leƙa ƙwaryar ta ga ta kusa cika, har ta ji wani ɗan sanyi a ranta. Ta ƙiyasta za a samu cuku huɗu, ko biyar in an baje da sirara.

Da kwana uku suka cika ta yanki maganin, ta jiƙa, ta zuba, ta jira. Abin cikin ƙwarya ya riga ya yi kauri tun kafin ta zuba, ta ɗauka alamar alheri ce. Ta juye kan ɗan asabarin da ta saƙa da tsinken gamba. Maimakon ya zauna, sai ya bi ta tsakanin tsinkayen ya zube ƙasa, ɗan abin da ya rage a sama ya dagargaje kamar dusa. Ta lakata ta ɗanɗana, tsami ya kama mata muƙamuƙi. Ta ƙara magani a ragowar, ta sake jira har rana ta take. Bai canja ba.

Ta ɗauki ƙwaryar a ka ta koma Dungas cikin tsakar rana. Dada ta ɗaga faifan, ta sunsuna, ta mayar.

"Wannan ai nono ne. Madara na ce miki."

"Madara ce na tara, Inna. Ta kwana uku."

"Kika tara." Tsohuwar ta dube ta. "A cikin ƙwaryar nono kuma. 'Yar nan, cuku ba ya son abin da ya kwana. Daga hantsa sai ƙoƙo, da ɗuminta, ƙoƙon kuma wanda tsami bai taɓa shiga ba. Buzuwa a gindin akuya take yinsa."

"Ba ki faɗa mini ba."

"Ban faɗa ba. Ban san akwai wanda bai sani ba."

Daso ta so ta yi fushi, amma ba ta da ƙarfinsa. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu kamar yarinya. Madarar kwana uku, mafi yawan da akuyar za ta taɓa bayarwa, wadda ta rage daga bakin mara lafiya, ga ta nan ta zama abin dama fura, furar da ba zai sha ba. Hawaye bai zo ba, sai wani nauyi da ya sauka a kafaɗunta.

Dada ta ɗan sassauta murya. "Nawa take bayarwa yanzu?"

"Yau da safe ludayi uku."

"Gobe biyu ne. Ki ba ta dusa da kanwa, ki shafa hantsar da ruwan ɗumi. In kin ajiye fatar ɗan, ki sa mata a hanci lokacin tatsa, wani sa'in suna yarda." Ta shiga ɗaki ta fito da wani sabon ƙoƙo ƙarami. "Ungo. Kada ki sa masa komai sai madara."

Fatar tana wurin Dogo, ya riga ya shanya ta a kan danga. Daso ta karɓo. Ta daka geron da za ta yi wa kanta tuwo don ta samu dusa, ta jiƙa da kanwa ta ba akuyar. Washegari da sassafe ta durƙusa a turke, matar Dogo ta riƙe fatar a gaban akuyar. Akuyar ta sunsuna, ta yi wani ɗan gurnani, ta tsaya cik. Daso ta ja, ta ja, har yatsunta suka ƙage. Ludayi biyu da ɗan kaɗan, kamar yadda tsohuwar ta faɗa.

Nan ta tsaya da ƙoƙon a hannu. In ta yi cuku da ita, yau Bawa ba zai sha komai ba. In ta ba shi, an yanka ɗan akuya a banza. Ba ta daɗe ba, don madarar tana hucewa. Ta ɗiga ruwan maganin, ta rufe ƙoƙon da tafin hannu ta zauna a wurin.

Kafin rana ta hau kan danga madarar ta kama. Ta girgiza ƙoƙon ta ga abin ciki yana rawa gaba ɗaya, fari tas, ruwa mai ɗan kore yana taruwa a gefe. Ta juye a asabari da hankali, ta baje da yatsu uku, ta naɗe gefen. Wannan karon ya zauna. Ta ɗora shi kan rumfa ta tsaya tana korar ƙuda da tsuntsaye kamar mai gadin gona. Da azahar ta ɗaga shi, ga zanen tsinkayen a bayansa sak irin na Mariyama. Faɗinsa bai kai tafin hannunta ba.

Ta sa shi a faifai ta shiga rumfa. Bawa yana kwance idonsa a rufe, leɓɓansa sun bushe.

"Malam, tashi ka gani."

Ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallon faifan kafin ya yunƙura, ta tallafe shi ta jingina shi da ginshiƙi. Ya ɗauka ya kai hanci, ya juya shi ya duba bayan, kamar yadda yake yi tun da can. Ya gutsuri gefe ya sa a baki ya bar shi ya narke. Ya sake gutsura. Daso tana kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka, ta riƙe numfashi kada ta yi motsin da zai sa ya tsaya. Bai tsaya ba. Ya cinye, ya tsince ɓurɓushin da ya zuba a rigarsa.

"Na akuya ne," ya ce. "Ɗanye. Yaushe Inuwa ya sauka?"

"Ba su zo ba, Malam. Ni na yi."

"Ke?"

"Ni."

Sai ya yi dariya. Ba ta da ƙarfi, rabinta tari ne, amma dariya ce, ta farko tun da aka sauke shi daga jaki.

"Ashe kin iya, shekara ashirin kina zaune kina cewa ƙamshin bunsuru. Gefen ya ɗan yi kauri, amma ya yi. Wallahi ya yi."

Ta yi maza ta jawo ƙwaryar kunun da ta dama tun safe ta ajiye a shirye. "Ga kunu, ka bi da shi."

Ya dubi kunun, ya ɗaga hannu ya kare. "A'a, bar shi tukuna. Kada ya ɓata mini baki. Wannan dai shi cikina ya karɓa." Ya koma ya kwanta, fuskarsa a sake. "Gobe ki yi biyu. Ɗaya in ci ɗanye, ɗaya ki bar shi ya bushe mu gwada shi a garwashi. In na yi kwana bakwai ina cin wannan, da ƙafata zan je in ga gonar nan."

"To, Malam."

Ta ɗauki faifan ta fita. Da la'asar ta wanke ƙoƙon, ta ɗumama ruwa, ta ɗauko fatar ta nufi turke. Akuyar ta daina kuka tun jiya. Ta sunsuna fatar sau ɗaya ta kau da kai ta ci gaba da tuƙa. Daso ta shafa hantsar, ta ji ta yamushe a hannunta kamar tsohuwar jaka. Ta ja na dama, ɗigo uku. Ta ja na hagu, babu komai. Ta sake shafawa, ta sake ja, ta yi wa akuyar magana a hankali, ta roƙe ta kamar mutum.

Daga rumfa ta ji muryarsa, ta fi ta kullum ƙarfi.

"Daso, kina tatsar ne? Ki baje na goben da sirara, kin ji?"

"Na ji, Malam."

Ta ci gaba da durƙuso a gindin akuyar da ƙoƙon a tsakanin gwiwoyinta. Daga inda yake kwance yana iya hango bayanta, amma ba ya hango cikin ƙoƙon, shi ya sa ba ta tashi ba.